Ɗinkin Shafi na Casa'in

Kawuna tela ne, kuma shekara ashirin da biyu ya yi yana rubuta labari guda. Duk garin da ya sami kwangilar ɗinkin kayan makaranta ko na asibiti, sai ya ɗora keken ɗinkinsa a mota, rubutun yana cikin akwatin zare. Babi na uku a barandar wani asibiti ya rubuta shi. Na bakwai a ɗakin haya kusa da tashar jirgin ƙasa, inda yoyon rufi ya cinye masa shafi goma sha ɗaya, ya zauna ya sake su da ka.

Sau uku yana kai wa Edita, mutumin da babban kamfanin ɗab'i ya ɗora a kan karanta sababbin littattafai. Sau uku rubutun yana dawowa da wasiƙa: "Mun karanta da idon basira. Tsakiyar labarin ba ta da ƙarfi." Sau biyu Kawu ya yarda, ya warware tsakiyar ya sake ta. A karo na uku, kafin ya kai, ya ɗauki allura da jan zare ya haɗe shafi na casa'in zuwa na ɗari da ashirin, ɗinki ɗaya tak a gefe, yadda ba mai buɗewa sai ya yanke. Bayan shekara huɗu rubutun ya dawo. Tsakiya, in ji wasiƙa, har yanzu ba ta da ƙarfi. Zaren yana nan daram.

Lokacin idon Kawu ya fara dushewa. Ni na ɗauki kwafin da ya ajiye, na buga a kwamfutar ɗakin malamai bayan an tashi daga makaranta, na aika wa wani ƙaramin kamfani a wata ƙasa. Cikin wata biyu suka amsa. Da littafin ya yi suna, aka shirya ƙaddamarwa a garinmu, sai ga sunan Edita a matsayin babban mai jawabi. Har ya gaya wa 'yan jarida cewa shi ya reni marubucin.

Na sami Kawu a shago yana lalubar kafar allura.

"Kawu, ka ji? Wai shi ya rene ka."

"Na ji. Sa min zaren nan."

"Shirunku ne ya kashe mu. Mutum ya shekara talatin a kujera yana danne rubutun mutane, kowa na ce masa ranka ya daɗe. Wallahi zan tashi a gaban jama'a in tona shi."

"Malama, an gama darasin? Ba za ki ce uffan ba. Baƙona ne. Ki dai ɗauko min tsohon rubutun nan a ƙasan akwati."

Ranar taro zauren ya cika, fanka ɗaya ce ke aiki. Edita ya yi minti arba'in yana magana. Ya dafa kafaɗar Kawu ya ce, "Tsakiyar labarin nan, ni da shi muka sha fama a kanta. Har yau ina ganin jan birona a shafukan." Aka tafa.

Na riƙe hannun Kawu na kai shi gaban lasifika.

"Ranka ya daɗe, idona ya tafi," in ji shi. "Ga ainihin rubutun da ka sha wahala a kansa, ga wasiƙarka a manne a bangonsa. Ka taimaka ka karanta wa jama'a shafi na casa'in da biyar, su ga aikinka."

Edita ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya fara juya shafuka. Da ya kai casa'in sai takardun suka tashi a dunƙule. Ya ja, suka ƙi. Na layin gaba suka fara miƙa wuya suna kallon jan zaren.

"Ni na ɗinke shi kafin in kawo maka," in ji Kawu. "Haka ka dawo min da shi. Ɗinkina ba ya warwarewa, kowa ya sani."

Ya zaro almakashi daga aljihu ya miƙa masa ta wajen mariƙi.

"Yanke, ranka ya daɗe, ka karanta. Kada ka yi sauri. Mu mun saba jira."

Edita ya yanke. Ba jan biro ko ɗigo a shafin. Ya fara karantawa yana tuntuɓe a kan sunayen mutanen labarin. Bai kai ƙarshen sakin layi ba wata mata ta miƙe daga baya ta ce nata rubutun ma yana ofishinsa, shekara shida. Wani dattijo ya ce nasa tara. Na yago takarda na bi layi ina rubuta su. Mutum goma sha huɗu na samu.

Edita ya ajiye rubutun ya nufi ƙofa. Kawu ya matsa kusa da lasifika.

"Ranka ya daɗe, almakashina. Da shi nake cin abinci."