Jawabin Uban Amarya

Yayana Ɗalhatu bai taɓa kiran sunan Raliya ba. 'Yarsa ce ta fari, kuma a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce da muka gada. Amma shi nasa ya wuce hankali. "Ke" yake ce mata, in ransa ya yi fari ya ce "ke wannan". A wayarsa ma "Asibiti" ya rubuta a kan lambarta, don aikin jinya take yi a nan Doha. Ni Mansuratu, gwaggonta, na sha yi masa tsiya a kan haka har bakina ya gaji.

To sai Allah ya haɗa Raliya da Uwais, wani nitsattsen yaro ɗan Mozambik da ke aikin lantarki a Lusail. Musulmi ne, harshensu na boko kuma Fotugis. Aka yi komai lami lafiya, aka sa rana. Sannan Uwais ya zo da magana a ladabce, ya ce a wurinsu uban amarya ne ke miƙewa ranar walima, ya gaida baƙi, ya ambaci 'yarsa da sunanta, ya miƙa ta ga dangin ango. Kawunsa da iyayensa mata za su taso tun daga garinsu Nampula, kuma in uba ya yi shiru za su ɗauka bai so auren ba.

Yaya ya ce, "Ni? A gaban jama'a? A garinmu uban amarya ko hanyar wurin biki ba ya bi."

Na ce, "Yaya, nan ba Azare ba ne."

Da Raliya ta rako ni ɗakina a Al Thumama, sai ta zauna bakin gado tana wasa da gefen mayafinta. Ta ce, "Gwaggo, ba don dangin Uwais ba ma. Ni dai sau ɗaya nake so in ji yadda sunana yake a bakin Baba."

Wallahi maganar ta soke ni. Washegari na tare Yaya, na zazzage masa tas. Ya sosa gemu, can ya ce ya samo dabara. Wai ita kunya a Hausa take. In da Turanci da Fotugis zai yi jawabin, ai bakin aro ne, ba shi ya faɗa ba.

Na ce, "Oho dai. Ko da yaren aljanu ne, ka faɗa."

Nan fa karatu ya kankama. Uwais yana turo masa murya ta waya, kalma bayan kalma, shi kuma yana bita. Yaya direban motar kayan miya ne, daga Abu Hamour yake kai wa otal-otal tumatir da albasa. Wata rana ya rage mini hanya, na ji abin da kunnena. Muna tsaye a danja ya gyara murya, ya dubi madubi, ya ce wa kwandunan tumatir, "Distinguished guests, ladies and gentlemen!" Wato manyan baƙi, mata da maza. Ya juya kan buhunan albasa da Fotugis: "Senhoras e senhores, ilustres convidados!" Har da ɗan rusunawa. Na baya suna ta danna ham, wani Balarabe ya leƙo yana "Yalla, yalla!" shi kuwa gogan naka bai gama gaida kabeji ba.

Gaskiya ya iya. Ya koyi yadda ake cewa abin alfahari ne gare shi, da yadda ake yi wa dangin ango maraba, da "parabéns" ta taya murna. Har gyara mini yake yi, wai ban murɗa harshe daidai ba, ni da na riga shi jin Turanci. Amma duk sanda ya iso "minha filha", wato 'yata, inda sunan zai biyo baya, sai tari ya sarƙe shi.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Ranar zan faɗa. Ba a ɓarnatar da irin wannan a kan tumatir."

Ranar walima ta zo, bayan la'asar, a wani ɗakin taro a Lusail. Dangin Uwais sun cika gefe guda, matansu da zannuwa masu launi kamar atamfofinmu. Gefenmu abokan aikin Yaya ne, direbobi da masu gadi, da 'yan'uwanmu na Zangon Gana. Yaya ya sha babbar riga da ta sha sitaci, yana tafe tana ƙara. Aka miƙa masa abin magana.

Kai, ya burge ni. Ya gaida manyan baƙi da Turanci, ya maimaita da Fotugis. Kawun Uwais, wani dattijo mai farar hula, ya dafa ƙirji yana gyaɗa kai, matan suka yi guɗa irin tasu. Ya yi maraba, ya yi godiya, ya taya murna. Ya ce, "Minha filha..."

Shiru.

Ya share gumi. Ya ce, "My daughter..."

Shiru kuma. Sai kawai na ji bawan Allah ya koma farko: "Distinguished guests!" Ya sake gaida mata da maza. Ya gaida kawu. Ya gaida masu raba abinci, har mai ɗaukar hoto sai da ya samu nasa ilustre. Dangin ango suna ta tafi, sun ɗauka haka Hausawa ke girmama mutane. 'Yan gefenmu kuwa sun gane, sun sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni raina ya ɓaci, na miƙe daga kujerata ina hararar sa, saura kaɗan in cire takalmi.

Abin da bai lissafa ba shi ne, gaisuwa tana da Turanci, taya murna tana da Fotugis, amma sunan yarinyar nan ɗaya ne ko'ina. Da bakinsa zai faɗa, yadda aka raɗa mata shi.

Na dubi Raliya. Tana murmushi irin na amare, amma ta sauke ido, ta ɗan girgiza mini kai, wai in ƙyale shi. Ta haƙura ke nan. Nan ne tausayinta ya kama ni sosai, kuma na lura shi ma Yaya ya ga wannan girgiza kan.

Ya sauke abin maganar daga bakinsa, ya ajiye a kan tebur. Ya taka har gaban ango. Bai dubi 'yarsa ba ko kaɗan, Uwais ya kafa wa ido, ya kama hannunsa da hannu biyu. Da Hausa ya yi magana.

"Uwais, ga Raliya nan. Raliyata. Amana ce."

Rabin ɗakin ba sa jin Hausa, amma ba wanda ya nemi fassara. Kawun ya taso ya rungume shi. Raliya ta fashe da kuka, kwalliyar da na ɓata safiya ina yi mata ta tafi a banza, ni ma ban san lokacin da nawa hawayen suka zubo ba.

Da aka lafa na matsa kusa da shi ina share ido. Na ce, "Yaya, ashe bakin yana iyawa? Har sau biyu, kuma da Hausa!"

Ya gyara hula, ya ɗaure fuska. Ya ce, "Ai da Uwais nake magana."

Sannan ya zaro hankicinsa ya miƙa mata ta gefe, yana kallon bango.

"Ke, goge fuskarki, mutane suna kallo."

Raliya ta karɓa tana dariya cikin hawaye. Ta ce, "To, Baba. Na dai ji."