Takwaran Kawu

Ragon da Kawu ya yi shekara yana kiwatawa don layya shi ne aka ɗaure a gindin darbejiyar ƙofar gida da safiyar suna. Da hannunsa ya kwance shi daga turke ya miƙa wa ɗansa Uzairu, ba wanda ya roƙe shi. Matarsa Jummai ta yi mita har ta gaji, ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ba tsufa ba ne. Sunansa yake so ya ji an kira kafin ya mutu.

A duk faɗin garin Fammar, in ka tambayi gidan Mahalayilu, kallon baƙo za a yi maka. Ka ce Kawu kuwa, kowa ya nuna maka da baki. Mahaifinsa, Malam Ramalan, shi ya tsinto sunan a jerin kakannin Annabi Nuhu. Ya ce gari ya cika da Musa da Isa, shi ɗansa zai ba shi abin da ba mai irinsa. To, ya ba shi kuwa! Uwarsa ba ta taɓa furtawa ba, ɗan fari ne, kunya ta hana. Da ya yi aure, Jummai ta ce Malam. 'Ya'yansa suka ce Baba. 'Ya'yan ƙanwarsa suka ce Kawu, gari ya ɗauka, har sa'o'insa. Mahaifinsa kaɗai ne ke cika baki ya ƙwala masa kira daga zaure, shi kuma tuni ƙasa ta rufe idonsa.

Yana yaro ya taɓa tambayar mahaifin nasa, "Shi wannan takwaran nawa, me ya yi a duniya?"

"Ɗan Ƙainanu ne, ɗan Anushu, ɗan Shisu, ɗan Annabi Adamu. Shi ya haifi Yaridu."

"Sai kuma me?"

"Sai ya mutu mana. Amma dubi, har yau ana faɗin sunansa."

Wannan maganar ita ta zauna wa Kawu a rai. Shi ma an haife shi, ya yi noma, ya haifa. Saura abu guda.

Jikoki maza sun zo sun wuce shi. Wannan an yi wa suruki takwara, wancan an yi wa wani Alhaji a Rano da ya koya wa Uzairu gyaran babur. Kawu ya sha haɗiye abin. Da Suwaiba, matar Uzairu, ta sake haihuwar namiji, ya ajiye kunya ya kira ɗan nasa zaure, ya nemi a yi masa takwara.

"Baba, sunan ne da nauyi," in ji Uzairu yana sosa ƙeya. "A makaranta dariya za a riƙa yi masa."

"Ni da aka yi wa, na mutu?"

Uzairu ya ce to. Daga nan ne rago ya bar turke.

Da aka idar da sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi, goro da dabino suka zagaya. Kawu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna dab da liman don kada kunnensa na hagu ya cuce shi. Uzairu ya durƙusa ya raɗa wa liman sunan. Liman Tajuddeen kuwa yaro ne a gaban Kawu, a wannan zauren ya yi rarrafe. Ya ɗago ya dubi tsohon, ya sunkuyar da kai don ladabi.

"Jama'a, yaro ya ci sunan kakansa. Ga Kawunmu nan zaune. Allah ya raya, a yi Fatiha."

Aka shafa. Maroƙi ya miƙe ya toshe kunne ɗaya: "Takwaran Kawu! Allah ya raya takwaran Kawu!" Daga cikin gida guɗa ta amsa, mahauci ya kayar da rago. Kawu yana nan da tafin hannunsa a buɗe, yana jira, kamar wanda aka tsallake a rabon goro.

A bayansa ya ji wani yana tambayar na kusa da shi, "Wai ni, yaya ma sunan Kawun yake?"

"Oho. Wani dogo ne dai, na cikin littafi."

Mutane suka yi ta zuwa suna kama hannunsa. An girmama ka, Kawu. Liman ya san darajar manya, Kawu. Ya yi ta cewa madalla, zuciyarsa kuwa kamar ya tashi ya watsar da faifan goron. Wa zai kama da laifi? Kowa ladabi ya yi masa. Ladabin ne ya binne shi da ransa.

Da hantsi, bayan wanzami ya gama aski, ya shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gida, ana ta suyar nama, kuma tuni an gama shawara. Suwaiba ba za ta kama sunan surukinta ba, Uzairu ba zai kama sunan ubansa ba. Saboda haka yaro ya zama Abba.

Jummai ta kawo masa jaririn a cikin zani, kansa fes, yana barci. Kawu ya karɓa, ya daɗe yana kallon 'yar fuskar.

"Jummai, yaya sunan yaron nan?"

"Abba mana."

"Na yanka nake nufi."

Ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Da furfurata? Abin da ban yi ina amarya ba, yau zan fara a gaban surukai? Malam, ka rufa mini asiri."

"Sau ɗaya. Ba mai ji sai ni."

"Ai kai ɗin ne ba na so ka ji."

Ya gane ba za ta faɗa ba, ko yau ko ranar da za a fitar da shi. Sai ya sunkuya, ya kai bakinsa kunnen jaririn, ya faɗa da kansa, a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda mahaifinsa ke yi.

"Mahalayilu."

Muryar ta fito a dushe, sunan ya yi masa baƙunta a baki. Jaririn ya yamutsa fuska, ya motsa hannu. Kawu ya ja numfashi zai sake.

Jummai ta sa hannu ta zare yaron daga cinyarsa. "Haba Malam, bari mana. Za ka tayar da Abba."