Hanyar Jan Ƙyalle

"Kai! Kai mai hula! Sauke hannunka daga nan!"

Goggo Nhan ta fito daga ƙarƙashin rumfar inabi a sunkuye, almakashi a hannu. Saurayin da take daka wa tsawa ya riga ya tallabo inabin ya manna a kumatu, budurwarsa tana ɗaukarsa hoto. Kowannensu da ƙatuwar jaka a baya da sanda, kamar masu gudun hijira.

"Sannu da aiki, Goggo," in ji shi, yana washe baki. "Ba tsinka za mu yi ba, hoto ne kawai."

"Da tsinka ka yi ka ci, ai da ya fi mini. Dubi hannunka."

Ya duba. Tafin hannunsa ya yi fari-fari, inabin kuwa sai ƙyalli yake.

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hoa Lam ya san wannan farar hodar. Inabi ne ke fitar da ita da kansa idan ya nuna, kuma ita masu sari ke fara dubawa. In tana nan, kayan manyan kasuwannin birnin Saigon ne. In an shafe ta, sai a ce ya sha hannu, ba mai ɗaukarsa sai masu dafa maɗi. Ga shi yau da yamma Hiep mai sari za ta zo ganin gona, matar da ko ƙuda ya sauka a kan inabi sai ta gane. Wahalar da Goggo Nhan ta sha tun farkon rani tana rataye a kan hodar nan.

"Hanya ce ta biyo da mu," in ji budurwar. "Hanyar tattaki, daga gada zuwa gindin dutse. Ai ga alam..."

"Ba na son jin komai! Gonata ce, ba titi ba. Ku wuce, kuma ku sunkuya!"

Ta ji labarin hanyar nan a lasifikar ƙauye. Wai an buɗe ta ne don mutanen birni su zo su yi ta tafiya a ƙasa, su bi gaɓar kogi, su ga gonaki, su hau tudu. Taron da aka yi a kanta ba ta je ba. A ganinta, wanda ya rasa aikin yi har ya shiga mota ya zo ƙauye don ya gaji, ba taro ya kamata a yi masa ba, magani ya kamata a nema masa.

Mijinta Thuan yana zaune a bakin bukka yana gyaran kwanduna. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin da ke ƙara wa mai fushi fushi.

"Yau dai Asabar ce, shi ya sa suka yi yawa," ya ce. "Amma tsuntsaye sun bar mu. Ƙyallayenki sun yi aiki."

Wannan kam gaskiya ne, kuma ko a cikin ɓacin rai sai da ta ji daɗi. A makon jiya ta je kogi wanke kwanduna, ta tarar da jajayen ƙyallaye sababbi ful ɗaure a jikin itatuwa, iska tana kaɗa su a banza. Goggo Nhan kuwa ko igiyar buhu ta gani a ƙasa ba ta wuce ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kwance, ta zo ta jera su a layin tsakiya, inda inabi ya fi kyau, tun daga ƙofar da ke kallon kogi har ƙofar baya. Tun ranar ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.

Ba ta gama jin daɗin ba sai ga Turawa uku, dogaye zaƙwal, kawunansu suna sharar inabi tun daga farkon layi. Ta yi ihu, ta ɗaga hannu biyu. Suka ɗago mata nasu suna murmushi, suka ci gaba. Bayansu wasu mata suka shigo, sa'o'inta, sanye da riguna iri ɗaya, ɗaya tana riƙe da rediyo. Waɗannan ba taɓawa kawai suka yi ba, har da shinshinawa.

"Yaya, kin iya noma!" in ji mai rediyon. "Ɗan matsa kaɗan, kina tare mana hoto."

A nan haƙurinta ya ƙare. Ta ajiye almakashi, ta ɗaure malafarta, ta juya wajen mijinta.

"Baban Dieu, tsaya a ƙofar nan. Kada ka bar kowa ya shiga. Kana ji na?"

"Ina ji."

"Ba ji na ce ka yi ba, tsayawa na ce!"

Ta hau babur ta nufi ofishin ƙauye, tana shirya maganganun da za ta zazzage wa Khoa. Khoa ne shugaban ƙauye yanzu, amma ita ta san shi tun yana yawo ba wando. Ta same shi yana cin shinkafa da kifi a kan tebur, tsoho Luc yana zaune a gabansa ya haɗe rai.

"Khoa! Wa ya ba ka gonata ka yi titi a ciki? Ubanka ne ya dasa inabin? Tun safe mutane ke tururuwa a ƙarƙashin rumfata, kowa da hannu goma. In Hiep ta ƙi kayana yau, a nan ofishin zan juye maka su ka cinye!"

"Goggo, zauna mana ki sha ruwa. Hanyarmu ba ta ma kusanci gonarki ba. Gaɓar kogi ta bi, ta wuce ta gaban Kawu Luc."

"Ta gabana!" Luc ya buga tebur. "Na kafa rumfa, na jera kujeru, na dafa maɗi, kullum sai na sayo ƙanƙara ta narke a banza. Sati guda ko kare bai wuce ba. Ke kina korar mutane, ni ina neman su da fitila!"

"Matsalar ke nan," in ji Khoa. "Wani ya bi ya kwashe alamun hanya tun daga gada. Ko guda bai bari ba."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da sauran yadin da aka yayyanka. Ja ne, sabo ful, har da ɗan zaren da ke fita a gefe.

Goggo Nhan ta dubi yadin. Irin ƙyallayen da ta kwance a bakin kogi ne sak. Sai a lokacin ta zauna.

"Ɓarawon ƙyalle!" in ji Luc. "Ina ma laifin ya saci akuya, a ce yunwa ce? In na kama shi sai na rataye shi a itacen da ya kwance. Ko ba haka ba, Nhan?"

"Haka ne," ta ce a hankali. "Mutane ba su da kirki."

"Abin da ya ɗaure mini kai," in ji Khoa, yana wanke hannu, "mutanen birni ba sa bin komai sai alama. Ko rami ka jera musu ita, ciki za su faɗa. To me ke kai su gonarki? Bari in ɗauko babur mu je in gani."

"A'a! Zauna ka huta, rana ta yi zafi. Yanzu ka gama cin abinci."

Khoa ya dube ta da mamaki. Tunda yake, bai taɓa jin ta damu da hutunsa ba.

A hanyar komawa ba wanda za ta yi wa faɗa, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Ta isa ta tarar da Thuan tsaye a ƙofa kamar yadda ta ce, sai dai a tsakiyar wasu 'yan mata yake, an ɗora masa tabarau ana hoto, sauran kuma suna ciki. Ta wuce shi. Ta shiga layin tsakiya ta fara kwance ƙyallaye tana cusawa a aljihu. Da ma ta ɗaure su tamau, don ita ba ta aikin wasa, sai da ta sa haƙori.

Hiep ta iso rana ta yi sanyi. Ta shiga gona hannuwanta a baya, tana ɗaga kai, ba ta taɓa komai ba. Layukan gefe ta gyaɗa kai. Da ta zo na tsakiya ta tsaya.

"Yaya Nhan, wannan wanka kika yi masa?"

"Iska ce."

"Iska mai yatsu?" Hiep ta yi dariya. "Zan ɗauki na gefe da safe. Na tsakiya ki kai wa Luc, na ji yana dafa maɗi."

Layin da ta fi ji da shi ke nan, wanda ta yi ta rage wa 'ya'ya da bakin almakashi har wuyanta ya ƙage. Ta raka Hiep bakin hanya, ta dawo. Tsuntsaye har sun fara sauka a layin tsakiya, kuma ba ta ko kore su ba.

Ta ɗauki malafa za ta gangara kogi ta mayar da ƙyallayen, don gobe Lahadi ce kuma Luc zai sake sayen ƙanƙara.

"Kin gano wanda ya karkato mana hanya?" in ji Thuan, yana tattara kwanduna.

"Na gano."

"Wane ne?"

"Wata tsohuwa ce mai kwashe-kwashe. Ba ka san ta ba. Na faɗa mata maganganu son raina."

Thuan ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro jan ƙyalle guda, ya miƙa mata.

"To in kin gan ta ki ba ta wannan," ya ce. "Ta manta shi a ƙofar baya."