Yaunin Gurbin Kanya

Almu na cikin kirɓa magimfa a turmin matarsa sai ya ji an kira sunansa ta kan katanga. Goggo Barakatu ce, matar maƙwabcinsa Baba Gide Sarkin Ruwa, idanunta sun yi jawur.

"Almu, don Allah ka aje taɓaryar nan. Shina jin ka. Ya ce ko a kabari ya san warin magimfa."

Kunya ta rufe Almu. Kwana tara ke nan tsohon yana kwance, kuma duk ƙauyen nan na kusa da Tafoki an san abin da ake jira. Shekara ashirin Baba Gide ya hana a zuba magimfa a Gurbin Kanya, wurin da ruwa ke saura idan gulbi ya ƙafe, domin ganyen nan in ya shiga ruwa ba ya barin babban kifi ba ya barin ƙarami. To, bana bazara ta yi tsawo, rumbuna sun yi ƙasa, Ɗanliti mahauci ya tara magidanta sun yanke shawara: ranar da aka rufe tsoho, ranar za a zuba. Almu bai so ba, amma yunwa ba ta san maƙwabci ba.

"Ya ce ka zo yanzu," in ji ta.

Ya wanke hannu har sau biyu, ya zagaya. Ɗakin na warin jiƙe-jiƙe da tsohuwar komarsa ta kamun kifi. Mutumin da ke ɗaga kwalekwale shi kaɗai ya koma kamar kara a kan tabarma.

"Zamna," in ji Baba Gide. "Malamin kihin nan ya tahi?"

Malam Salihu yake nufi, ma'aikacin En'e da ya yi mako biyu yana bin gulabe daga Ƙanƙara har Sabuwa a kan keke, da akwatin kwalabe da littafi, yana rubuta irin kifin da ya rage da wuraren da yake hayayyafa. Hakimi ya yi masa alkawari duk gurbin da ya ga kifin yauni a ciki da idonsa za a kafa masa doka, saboda yauni ya kusa ƙarewa a ƙasar. Da ya zo wurin Baba Gide, tsohon ya kalli ’yan kifayen da ke jiƙe cikin kwalabe, ya ce masa rabonsa da yauni tun kafin yaƙin Turawa. Malam ya rubuta babu.

"Shina gidan mai gari, Baba. Bayan azahar zai wuce Faskari."

"Ƙarya na yi mashi."

Almu ya ɗago kai.

"Ƙarya na yi ma kowa. Akwai su, guda biyu, ƙarƙashin saiwar kanya. Na ce babu don kar a bi su da mashi. Ga shi ƙaryar tawa ita za ta kashe su." Tari ya sarƙe shi, Goggo Barakatu ta tallafe kansa. "Ka kai malamin can. In rana ta take, sukan taso shan iska. Kar ku yi motsi, kar inuwarku ta faɗa ruwa. Ka ce mashi ya rubuta har da ciyawar burgun bakin gaɓa, kar a yanke ma dabbobi. Da shi macen take sheƙa in ruwa ya kawo, kamar tsuntsuwa."

"Baba, in bar ka a haka? Wa zai laƙƙana maka kalma?"

"Barakatu ta iya. Tashi, ɗan nema, kai da ka daka mani guba a kunne tun asuba!"

Almu ya fita da gudu-gudu. A gindin tsamiya ya wuce Ɗanliti da mutanensa, ƙorai cike da dakakken ganye a gabansu an rufe da faifai.

"Ya jikin nashi?" in ji Ɗanliti.

"Da sauƙi," Almu ya amsa, bai tsaya ba.

Ya tarar da Malam Salihu yana ɗaure akwati a bayan keke. Da ya ji bayani sai ya ce, "Malam Almu, ba zan rubuta abin da ban gani ba. Hakimi zai rantsar da ni."

"Za ka gani. Amma kwalbar nan taka ta tsaya nan."

Malamin ya dube shi, ya kwance akwatin ya ajiye a zaure, ya ɗauki littafi kawai.

Suka zauna a bayan kanya, rana na dukan yashi. Ruwan kore ne, ko motsi babu. Ƙudaje suka dame su, ba damar kora. Tarwaɗa ta taso ta koma. Almu ya fara tunanin ko zazzaɓi ne ke sa tsohon sambatu, ko kuwa kifayen sun mutu tun bara bai sani ba. In haka ne, ya bar maƙwabcin shekara talatin a bakin mutuwa a banza.

Sai ga kuka daga cikin gari, muryar mace ɗaya, sannan wasu suka kama. Almu ya san muryar.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Salihu a hankali, ya yunƙura. "Mu je. Za a neme ka wajen wanka."

Almu ya damƙe masa hannu. "Zamna, Malam."

"Maƙwabcinka ne fa."

"Shi ya aiko ni. Kafin la'asar an rufe shi, daga maƙabarta nan su Ɗanliti za su yo da ƙorai. Zamna."

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba don kada ya motsa. Can aka fara kiran azahar. Ladan bai kai ƙarshe ba sai ruwan da ke gindin saiwa ya ɗan kumbura. Wani dogon baƙin baya ya fito, ya kai tsawon taɓarya, ƙayar bayansa na kaɗawa tun daga wuya har wutsiya. Ya buɗe baki ya ja iska ya nutse. Na biyu ya biyo shi.

Malam Salihu ya buɗe littafi, ya soke kalmar da ya rubuta, ya sa wata.

"Da burgu," in ji Almu. "Ya ce ka sa da burgu."

Ko da suka iso gari, wani ya riga ya yi wa Baba Gide wanka. Almu gefen makara kawai ya samu. Da aka dawo, mai gari ya karanta takardar Malam a ƙofar gidan mamacin, cewa an ga yauni a Gurbin Kanya, dokar Hakimi ta hau kansa, Ɗanliti ya yi tsaki ya kife ƙwaryarsa a kan juji, sauran suka watse ba wanda ya kalli Almu.

Da yamma ya ɗauki turmin ya kai bayan gari, nesa da gulbi, ya juye a cikin rami ya tura ƙasa. Da ya dawo sai ya ga tsohuwar komar Baba Gide rataye a kan katanga, Goggo Barakatu ta sako masa ita ta ɓangaren gidansa.