Ruwan da Tasi'u Ya Auna

Sau biyu ana haƙa rijiyar burtsatse a rugar su Baffa Uwaisu, gabas da Kiyawa, kuma duka biyun aka tashi ba ruwa. Shi ya sa wata Asabar da hantsi ya hau adaidaita sahu ya zo unguwar Takur gidan Adawiyya, 'yar ƙaninsa, injiniya mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Bayan sun gaisa ya kwance wani ƙyalle, ya miƙa mata baƙin faifan ajiya, irin wanda ake jona wa kwamfuta da waya. Na ɗansa Tasi'u ne, wanda ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Kafin ciwo ya kwantar da shi, Tasi'u ya auna ƙasar rugar da na'ura, ya kuma ce akwai ruwa, amma bai kai ga nuna wurin ba.

Adawiyya ta jona faifan a kwamfutarta. Ga ayyukan nan a jere, sai dai babu wanda ya buɗu, domin da wata tsohuwar manhaja aka yi su, wadda ba ta tashi sai a tsohuwar Windo. Ta ce wa Baffa kada ya damu, tana da wata kwamfutar a cikin wannan. Ta danna, wata taga ta buɗe, a cikinta wani allo ya kunna kansa, da agogonsa da komai. Baffa ya matso da kujera ya leƙa bayan kwamfutar, ya dawo ya dubi allon. Ya tambaye ta ina jikin ta biyun yake. Ta ce ba ta da jiki, na babbar take ara. Ya daɗe yana girgiza kai yana tasbihi.

Amma faifan bai bayyana a ta cikin ba. Ta canza ramin da ta jona shi, ta canza waya, ta kashe ta kunna. Babbar na ganinsa, ƙaramar ko alamarsa. Can ta tuna cewa ba za su riƙe shi a lokaci guda ba, dole babbar ta saki sannan a miƙa wa ƙaramar. Ta yi hakan. Faifan ya ɓace daga babbar, bai kuma fito a ƙaramar ba. Sai a lokacin ta tuna ba ta kwafe komai ba tukuna.

Baffa ya lura da fuskarta. Ya ce, "Ya lalace ne, 'yata?"

Ta ce, "Bai lalace ba, Baffa. Ban dai gano ƙofar da zai shiga ba."

Suka yi azahar. Tana dama furar da ya zo da ita abin ya faɗo mata: tsohuwar Windo ba ta san sabon ramin USB mai sauri ba, an yi ta tun kafin a ƙirƙiro shi. Ta ajiye ludayi. Ta fara mayar da faifan kan babbar, ta kwafe komai, sannan ta kashe ta cikin, ta shiga saitinta ta zaɓi tsohon nau'in ramin, ta sake kunnawa. Wata 'yar ƙara ta yi, sunan faifan ya fito: Tasi'u.

Da manhajar ta buɗe aikin, sai ga ƙasar rugar kamar an yanka ta da wuƙa ana kallon cikinta. Jar ƙasa a sama, dutse a ƙasa, kuma a gefe guda dutsen ya tsage, wani shuɗin zare, alamar ruwa, ya ratsa tsagar a zurfin mita arba'in da biyar. Ta nuna masa inda aka haƙa rijiyoyin nan biyu, duk a kan dunƙulallen dutse. A ƙarƙashin hoton Tasi'u ya rubuta: "Tsakanin tsamiya biyu, yamma da burtali. A nuna wa Baba."

Baffa ya cire tabarau ya goge, ya ce ta sake karantawa. Ya san tsamiyoyin. Mahaifiyarsa, Inna Iyatu, takan ce ko a tsakiyar bazara ciyawar wurin ba ta bushewa duka, kuma shanu kan tsaya nan su ƙi gaba. Shekara saba'in yana wucewa ta wajen.

A hankali ya ce, "Ashe a kansa muke tafiya. Allah mai iko."

Bayan sati uku Adawiyya ta je da nata kayan awon, sakamakonta ya zo daidai da na Tasi'u. Ranar haƙa, ruwa ya ɓullo a mita arba'in da bakwai, da fari ja wur, daga baya ya washe. Mata suka yi ta guɗa. Baffa ya tara hannu ya kurɓa, ya ce da ɗan zartsi kaɗan, amma shanu za su so shi.