Ba Laifin Raimo

"Riƙe masa kai, Marjatta, kar ya bugu da ƙasa!"

Anneli ce ke min ihu, daga ita sai tawul. Mijinta Raimo yana kwance a ƙofar sauna, ɗakin wankan tururi na ƙasan benenmu, jikinsa sharkaf da gumi, ya yi amai a gefe. Ranar Asabar ce da rana, lokacin wankansu. Na durƙusa da gwiwoyina masu ciwo na tallafo kansa.

"Raimo, yaya kake ji?"

"Ba laifi," in ji shi, idonsa ɗaya a lumshe.

Tun da muka zama maƙwabta a garin Kuopio ban taɓa jin wata amsa daga bakinsa ba sai wannan. Ranar da ya karye a kan ƙanƙara, ba laifi. Ranar da aka rufe masana'antar katakon da ya tsufa a cikinta, ba laifi. Mazanmu haka suke, kuma wallahi abin yana ƙona min rai.

A asibiti likitar ta zana mana abin a iska da yatsa. Wata jijiyar jini ce a cikin kansa ta kumbura har ta fashe. Za su buɗe ƙoƙon kai, su maƙale wuyan kumburin da ɗan ƙarfe.

"Ya yi ciwon kai mai tsanani a kwanakin nan?"

Anneli ta sunkuyar da kai. "Ran Laraba ya dafe ƙeya yana cikin shan kofi, har kofin ya faɗi. Na ce mu zo asibiti, ya ce sauna za ta gyara."

Likitar ta gyaɗa kai. Ita ma 'yar garin nan ce, tana da uba irinsa.

Aikin ya yi kyau. Raimo ya farka da rabin kai a aske, Anneli tana dariya tana kuka.

"Tsoho mai taurin kai, dubi yadda ka koma kamar dankalin da aka fara ferewa."

"Ke ma ba ki ƙara kyau ba," ya ce a hankali.

Amma an gargaɗe mu cewa da sauran tafiya. Jinin da ya zuba yakan sa jijiyoyi su tsuke bayan 'yan kwanaki, don haka dole ya faɗi duk abin da ya ji, komai ƙanƙantarsa. Anneli ta kama hannun ma'aikaciyar jinya.

"'Yata, ki saurare ni. In mutumin nan ya ce miki ba laifi, ki kira likita da gudu."

Yarinyar ta yi murmushi, ta ɗauka barkwanci ne. Duk da haka sun yi ta duba shi, suna haska masa ido, suna sa shi ya matse musu hannu.

Ina wurin ranar da cokali ya zame daga hannunsa na dama. Ya yi sauri ya ja bargo ya rufe hannun.

"Raimo, na gani fa."

"Ki bar yaran nan su huta, Marjatta. Ba lai..."

Kalmar ta maƙale, bakinsa ya karkace. Na danna ƙararrawa har yatsana ya yi zafi. Suka tura gadonsa da gudu, tun daga nan yana kwance bai sake farkawa ba. Haushinsa nake ji, kuma tsoro ya cika ni.

Anneli ta tare a asibiti, ni na koma ba magensu abinci. Ban kira ta ba, don a nan ba a matsa wa mai jira da tambaya.

Wata safiya na buɗe labule, sai ga mai kula da benenmu a tsakar gida, yana kwance igiyar tuta da safar hannu. Ya ja tutar har ƙoli, sannan ya sauko da ita kaɗan ya ɗaure. A nan ba a yi wa tuta haka sai an yi rashi a gidan. Ya cire hularsa ya tsaya, dusar ƙanƙara tana sauka a kan sanƙonsa.