Giɓin da Yaya Ya Cike a Bangon Ɗakin Kimiyya

Yaya mai sa tayil ne, kuma duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san halinsa: ba ya iya ganin giɓi ya ƙyale. Ko baƙunci ya je gidan mutane, in ya ga layin tayil ya karkace a banɗaki, abincin ma ba ya yi masa daɗi.

Ƙanwarsa, wadda kowa a gida ke kira Auta, tana koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandaren 'yan mata. Da aka gyara ɗakin gwaje-gwaje, ta roƙi shugabar makaranta a bar mata bango guda a manna jadawalin sinadarai da tayil, don ta gaji da na takarda mai yagewa kowane zango. Aka bugo tayil ɗin, kowanne da lambarsa da harufansa. Ta kira Yaya, ta ba shi zanen, ta wuce aji.

Yaya ya duba zanen ya yi tsaki. Layin farko tayil biyu ne kacal, ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya can ɗaya ƙarshen, tsakaninsu fili fetal. Layi na biyu da na uku ma da rami a tsakiya. Ya ce a ransa mai zanen bai san aiki ba. Ya kwaɓa siminti, ya jera ɗaya, biyu, uku a manne da juna, bai bar ko wurin sa yatsa ba.

Da aka tashi tara Auta ta leƙo, riƙe da alli. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafe kai.

"Yaya! Me zan gani haka?"

"Gyara na yi miki, Malama. Ba sai kin gode ba."

Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan buhun siminti. "Ka raba dangi, ka haɗa maƙiya ɗaki ɗaya! Simintin ya bushe?"

"Da saura." Ya ɗan ɓata rai. "Lambobin a jere suke. Ki ƙirga."

"A jere suke. Zo ka ga abin da ya sa aka bar filin."

Ta durƙusa ta zana ɗigo a ƙasa, ta kewaye shi da da'ira uku, kowace ta fi ta cikinta girma. Ta ce komai na duniya, har shi da cokalin simintinsa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, ƙananan da ido ba ya gani. Kowace tana da cibiya, inda furoton da niyutiron suke dunƙule. Yawan furoton shi ne lambar da ke jikin tayil. Mai ɗaya haidirojin, mai shida kabon, mai takwas oksijin da ake shaƙa.

"In aka ƙara ɗaya fa?"

"Ya zama wani sinadarin daban."

Ta ɗebo 'yan robobin da yake sawa tsakanin tayil don layi ya miƙe, ta ce su ne ilektiron, masu zama a kewayen cibiya hawa-hawa, yawansu daidai da na furoton. Ta ɗora biyu a da'irar ciki.

"Wannan hawan ya cika. Biyu kawai yake ɗauka. Shi ya sa layin farko yake da sinadari biyu. Na uku dole ya fara sabon hawa, sai ya sauko sabon layi. Hawa na biyu takwas yake ɗauka."

Yaya ya tsuguna kusa da ita, ya karɓi robobin yana jerawa da kansa. "To me ya kai lamba biyu can ƙarshen bango, kamar wanda aka yi wa laifi?"

"Wajen 'yan uwansa ya je. Duk na ƙasansa hawansu na waje a cike yake. Ƙosassu ne, ba ruwansu da kowa. Na wannan ƙarshen kuma, ɗaya tal gare su a waje, neman kai suke da shi. Dubi sodiyam. In ka jefa shi a ruwa sai ka ga wuta. Ga kulorin can kusa da ƙosassu, saura ɗaya ya cika, shi kuma guba ne. Sodiyam ya ba kulorin ɗayan nan nasa na waje, shi ke nan sun zama gishirin miya."

"Mai wuta da mai guba? Shi muke ci kullum?"

"Har kana cewa matarka ta ƙara."

Yaya ya ɗaga kai yana kallon bangon. Can ya ce, "Wato daga sama zuwa ƙasa gida ɗaya ne. Ni kuma na kwashe yaran wani na kai gidan wani."

Ya miƙe ya fara ɓamɓare tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana goge bayansu. Auta ba ta da sauran darasi a ranar, don haka ta naɗe hannun riga ta ce za ta taya shi kwaɓi. Ruwa ya yi mata yawa.

"Ke da kike koyar da haɗe-haɗe?" in ji Yaya. "Wannan ai wanka za a yi da shi. Miƙo buhun."

Tana miƙo masa tayil, yana tambayarta aikin kowanne. Da suka zo sha huɗu ta ce silikon ne, yana cikin yashi, yana cikin tayil ɗin kansa. Ashirin kuma kalsiyam, na cikin siminti.

"Ashe abokan aikina ne! Tun ina saurayi muke tare, ban san sunansu ba." Ya ɗauki ashirin ya shafa masa siminti a tsanake, ya danna, ya ɗora ma'auni ya duba har sau biyu.

Kafin la'asar layi huɗu sun hau, filin sama na nan a buɗe. Ɗalibai suka cika taga suna leƙe, suna yi wa Malama dariyar simintin da ke goshinta. Wata mai baki a cikinsu ta ce, "Baba, ka manta tsakiya!"

Yaya ya juyo da cokali a hannu, fuskarsa cike da murna.

"Shigo, 'yata. Ku shigo duka. Auta, ba ni allin nan."

Auta ta miƙa masa, ta koma kan buhu ta zauna, ta naɗe hannu. Sau ɗaya kawai ta gyara masa, inda ya kira niyutiron da sunan wani maganin sauro.